Jagorar Haɗa Ajin Manya da Gayyar Gini Bayan Rushewar Gidaje a Ƙasar Mindif

A duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna a arewacin Kamaru, ƙungiyoyin unguwa da matasa masu kishin garinsu sukan tashi da niyyar taimaka wa waɗanda ɗakunansu suka faɗi, kuma kusan kullum kurakurai iri ɗaya ake maimaitawa: a fara buga tubali kafin a san mai filin, a sake gini a kwarin da ruwa ya kwanta bara, a damƙa kuɗi da jerin sunaye a hannun mutum ɗaya tilo da ya iya karatu, sa'an nan idan wani ya tuna da ilimin manya a buɗe aji can gefe da littafin 'yan firamare wanda babu ruwansa da abin da ya dami masu zuwa. Ajin yakan watse kafin wata uku, ginin kuma ya tsage kafin damina biyu. Wannan jagora ta ginu ne a kan cewa ajin da wurin ginin aiki ɗaya ne, domin magidancin da ya iya gane sunansa a jeri, ya ƙidaya buhunan siminti a rasit, ya kuma fitar da kusurwar ɗakinsa da igiya, shi ne wanda ba a cuta a rabo, kuma shi ne zai iya gyara gidansa bayan masu taimako sun koma inda suka fito.

Mindif, garin lamiɗo da ke gindin dutsen nan mai tsini da ake hangowa daga nesa, yana kimanin kilomita 25 kudu maso gabas da Marwa, a sashen Mayo-Kani na jihar Arewa Mai Nisa, wanda hedikwatarsa take Kayele. Garin ba ya bakin Logon kamar Yagwa, ba ya kuma bakin Binuwai kamar Garwa, saboda haka abin da ya fi kayar da ɗakunan ƙasarsa shi ne ruwan sama mai yawa da ke kwanciya a gindin bango, da cikar mayo, wato rafin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta haɗa da buɗe ƙofofin madatsar Lagdo a sama da Garwa, Bankin Duniya ya amince a 2013 da dalar Amurka miliyan 108 domin gyaran madatsar Maga da shingen kogin Logon, a 2024 kuwa ambaliya ta shafi fiye da mutum 350,000 a jihar ta kuma rushe dubun-dubatar gidaje. Manyan kuɗaɗe irin waɗannan sukan tafi ga madatsu da hanyoyi, ɗakin kwanan talaka kuwa ya rage a wuyan mai shi, ga kuma iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga yankunan kan iyaka tun 2014 waɗanda su ma matsuguni suke nema. Jihar tana cikin huɗun da gwamnati ta ware a matsayin masu buƙatar fifiko a fannin ilimi, kuma ƙarancin karatun boko ya fi tsanani a tsakanin mata, waɗanda da yawansu su ne ke riƙe da gidajen da suka rushe.

Abubuwan da ake buƙata

- Mutane: gidaje 15 zuwa 25 da suka yarda su yi gayya, magini guda ƙwararre wanda ya san ginin ƙasa kuma ba ya ƙyashin koyarwa, da malaman aji biyu, namiji da mace, waɗanda ke jin harshen unguwar.
- Kayan aji: babban allo da alli, littafin rubutu da fensir ga kowane ɗalibi, tabarmi, da fitilar sola guda biyu ko uku saboda ajin dare.
- Littattafan ƙungiya guda uku masu kauri da aka yi wa shafukansu lamba: na kuɗi, na kaya, da na kwanakin aiki.
- Kayan awo: tef na mita, igiya, turaku, siririn tiyo mai ganin ciki na daidaita tsayi da ruwa, zare mai nauyi a baki na duba miƙewar bango, da kwalabe farare na gwajin ƙasa.
- Kayan aiki: diga, shebur, baro, kwanon sarki, rariya, cokalin gini, akwatin buga tubali ko injin matse tubali na hannu, gangunan ruwa, leda ko tamfol, da amalanken jaki idan ruwa na da nisa.

Mataki na 1: Ƙidaya da jerin sunaye a bainar jama'a

Aikin farko shi ne zagaya unguwa gida-gida tare da jauro, wato mai unguwa, da dattijai biyu da mata biyu, ana rubuta ɗaki nawa ya faɗi, mutum nawa ke kwana a gidan, da inda ruwa ya kai a jikin bango. Bayan haka a taru a fili a zana taswirar unguwar a ƙasa da sanda, da tsakuwa a matsayin gidaje da toka a matsayin hanyar ruwa, kafin a kwafe ta a takarda. Wannan salo na fara karatu daga taswirar da mutane suka zana da hannunsu shi ne ginshiƙin tsarin REFLECT da ƙungiyar ActionAid ta gwada a Uganda da Bangladesh da El Salvador tsakanin 1993 da 1995, kuma amfaninsa a nan biyu ne: tsohuwar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta san inda ruwa ke bi fiye da kowane baƙo, taswirar kuma ita ce takarda ta farko da kowa zai iya karantawa.

A karanta jerin da ƙarfi sau biyu, a rana biyu daban, a kuma rubuta sunan bazawara da matar da mijinta ya yi nisa a matsayin masu gida. Kuskuren da ya fi ɓata zumunci shi ne a rubuta gidan da sunan ƙanen miji ko babban ɗa saboda kunya, domin ranar rabon kwano shi zai karɓa. Gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya su ne farko, sauran kuma a jefa ƙuri'a a gaban kowa.

Mataki na 2: Fili da takardarsa

Dokar filaye ta Kamaru, wato doka mai lamba 74-1 ta 6 ga Yuli 1974, ta sanya duk filin da ba shi da takardar mallaka cikin filayen ƙasa da hukuma ke kula da su, amma ta ba wa waɗanda suke zaune a fili ko suke nomansa tun kafin 5 ga Agusta 1974 damar neman takardar kai tsaye. Kwamitin da ke zuwa ya ga fili ya ji shaidu yana ƙarƙashin shugaban gunduma, kuma sarkin wurin da dattawansa biyu suna cikinsa. Neman wannan takarda yana cin lokaci da kuɗi, ba kuma dole ne a jira ta kafin a tayar da ɗakin kwana ba, amma mafi ƙarancin abin da za a samu shi ne rubutacciyar shaida daga lawan, wato dagaci, ko fadar lamiɗo, mai bayyana iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, da sa hannun shaidu. Filin aro ya fi kowane haɗari, musamman ga waɗanda suka yi gudun hijira, domin mai fili yakan tuna da filinsa ne bayan an ɗora kwano, don haka a rubuta shekara nawa aka ba da aron da abin da zai faru da ginin idan wa'adin ya cika.

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta hana gini a wurin da ambaliya ko zaizayar ƙasa ke yi wa barazana, kuma magajin gari ne ke ba da izinin gini, saboda haka ziyara ofishinsa tun farko ta fi rushe ɗaki daga baya. A wannan ziyarar ce ya kamata a tayar da maganar ajin, domin dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta sanya yaƙi da rashin karatu cikin ayyukan da ke wuyansu. A nan ne kuma za a gano waɗanda ba su da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, a fara nema musu tun da wuri.

Mataki na 3: Ƙungiya da kuɗinta

Dokar 14 ga Agusta 1992 ta ba mutum biyar ko fiye damar yin rajistar ƙungiyar haɗin gwiwa da ake kira GIC, wadda da ita ake iya buɗe asusu da sunan jama'a a kuma nemi tallafi a hukumance. A ƙauyukan da ake noman auduga wannan ba baƙon abu ba ne, domin ƙungiyoyin manoma da ke hulɗa da kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, sun daɗe suna riƙe littafin bashin taki da awon auduga, suna kuma tsaya wa juna a bashi rukuni-rukuni. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan littafi ya cancanci ya koya wa wasu, amma kada a haɗa masa kuɗi da rubutu. Ma'aji daban, magatakarda daban, mai riƙe makullin ɗakin ajiya daban, kuma aƙalla ɗaya daga cikin ukun ta kasance mace.

Hanyar tara kuɗi da ta fi dacewa ita ce adashi, tunda kowa ya san shi kuma babu ruwa a cikinsa, sai dai a nan wanda ya ɗauka kaya yake karɓa: kwano, katako, ƙusa, ƙofa. Kuɗin da ya shiga hannu a watan biki ko rashin lafiya ba ya komawa gini, kuma babu wanda za a zarga a kan haka. Kwanakin aiki su ma dukiya ce, a rubuta su kamar kuɗi, a kuma ƙidaya ɗebo ruwa da dafa abincin gayya a matsayin cikakken yini. Kowace Juma'a bayan la'asar a karanta littattafan uku a gaban jama'a, ko da abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar ƙungiya daga makon da aka fasa karanta littafi take farawa.

Mataki na 4: Daidaita aiki da shekarar manomi

Ruwan yankin yana sauka ne galibi daga Yuni zuwa Satumba, kuma da ya ɗauke sai a shiga dashen dawar rani, wadda Fulani ke kira muskuwari, a filayen baƙar laka da ake kira karal har cikin Nuwamba, girbinta kuma ya zo wajen Fabrairu. Ajin da aka buɗe a Oktoba ba zai sami kowa ba. A buɗe shi a ƙarshen Nuwamba, a buga tubali a Disamba da Janairu tun tafkuna ba su ƙafe ba, a sassauta lokacin girbi, a yi gini a Maris da Afrilu da sassafe saboda zafin da ke wuce awo 40, a kuma tabbata an ɗaure rufi kafin iskar farkon damina.

Mataki na 5: Buɗe aji

Tambayar farko ita ce harshe. Fulatanci ne harshen kasuwa a Mindif da kewayenta, ko da yake akwai Giziga da Tupuri da Mundang da Barebari, Hausa kuma tana da ƙarfi a unguwannin Hausawa na Marwa da Garwa, alhali takardun hukuma da Faransanci suke zuwa. Ƙa'idar ita ce a fara da harshen da ɗalibai ke ciniki da shi, a shigo da Faransanci a zango na biyu ta hanyar kalmomin da ke kan takardun da za su cike, kamar suna, ranar haihuwa, adadi da sa hannu. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya daidaita rubutun Hausa da Fulatanci a kan tushe guda, shi ya sa ɓ da ɗ suke a duka biyun, wanda ya koyi ɗaya kuwa ya yi rabin tafiya a ɗayan. Bambancin da malami zai kula da shi shi ne Fulatanci yana ninka dogon wasali a rubuce, kamar a suudu, wato ɗaki, da saare, wato gida, Hausa kuwa ba ta ninkawa.

Kafin darasi na farko a tantance waɗanda suka yi makarantar allo. Mutumin da ke rubuta wasiƙa da ajami ya riga ya san cewa alama tana ɗaukar sauti, ya saba da zaman karatu, abin da ya rage masa sabon baƙi ne da juya hannu daga hagu zuwa dama, kuma kiransa jahili zalunci ne da ke korar dattawa daga aji. Irin waɗannan a sa su mataimakan malami, a kuma bar su su rubuta ajami a gefen shafi har hannunsu ya faɗa.

Darasin kansa daga wurin gini zai fito. Paulo Freire, malamin nan na Brazil da aikinsa ya yi suna a Angicos a 1963, yakan zaɓi kalma ɗaya daga rayuwar ɗalibai ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, kuma misalinsa da ya fi shahara shi ne kalmar tubali a harshen Fotugis. A Hausa ma kalmar tana aiki sosai. Malami zai ajiye tubali na gaske a gaban aji, a tattauna dalilin da ya sa na bara ya narke, sa'an nan ya rubuta tu-ba-li, ya jera dangin kowace gaɓa a allo: ta te ti to tu, ba be bi bo bu, la le li lo lu. Daga waɗannan goma sha biyar ɗalibai da kansu za su haɗa bulo, tulu, lita, tela, tuta da baba, kuma wanda ya haɗa kalma da kansa a daren farko da wuya ya ƙi dawowa. Sai a bi da yashi, kwano, siminti, ƙofa, rasit, kowace a makon da aikinta ya zo. Sunan ɗalibi shi ne abin da zai fara rubutawa, domin ya daina dangwala yatsa a littafin kwanakin aiki.

Aji kada ya wuce mutum 25, zama kada ya wuce awa biyu, kwana huɗu a mako. Na maza bayan isha'i, na mata tsakanin azahar da la'asar a cikin gidan da mazajensu suka amince da shi, da malama mace. Wannan lissafi yana ba da kimanin awa 200 daga Nuwamba zuwa Mayu, abin da ya isa a karanta jeri da rasit a kuma rubuta gajeren saƙo, amma sakin hannu sai an ƙara rani na biyu, kuma gara a faɗa wa ɗalibai haka tun farko. Malami matashi ya kiyaye harshensa, ba ya kiran dattijo da sunansa ko ya tsayar da shi a gaban 'ya'yan cikinsa domin ya gyara masa kuskure. Abin da zai ce shi ne: “Baba, ku duba mana ko adadin nan ya yi daidai da buhunan da kuka ga an sauke.” Yawan rashin zuwa kuma sau da dama daga ido yake, domin wanda ya haura shekara 40 yakan kasa ganin ƙananan baƙaƙe a hasken fitila ya kuma ji nauyin faɗa, manyan baƙaƙe da tabarau mai araha sukan warware matsalar.

Mataki na 6: Lissafin kuɗi da na awo

Manya sun iya lissafi da ka, abin da ke ba su wuya shi ne rubuta shi, kuma a ƙasashen sefa akwai tarko na musamman. Bahaushe yana ƙidaya kuɗi da dala, wadda take sefa 5, saboda haka abin da baki ya kira dala ashirin a takarda 100 ne, dala ɗari kuma 500. Ɗalibin da ba a bayyana masa wannan ba zai rubuta 20 inda ya kamata ya rubuta 100, littafin ƙungiya ya rikice, a fara zargin ma'aji da abin da bai ci ba. A kawo kuɗin gaske aji, tsaba da takarda, a karanta lambar da ke jikin kowanne, a yi jadawali mai layi biyu na abin da ake faɗa da abin da ake rubutawa, a manna shi a bango har ƙarshen zango.

Awon gini kuma a yi shi a fili. Igiyar da aka ƙulla a mita 3 da mita 4 da mita 5, idan mutum uku suka ja ta ta miƙe, tana fitar da kusurwa madaidaiciya, tiyo mai ruwa kuma yana nuna tsayi ɗaya a turaku biyu komai nisansu. Babban darasin zango shi ne ƙiyasin ɗaki. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 kewayensa mita 14 ne, idan bango ya tashi mita 2 da rabi an sami murabba'in mita 35, a cire kimanin 4 na ƙofa da tagogi biyu saura 31. Matsattsen tubali mai santimita 29.5 da 14 da 9 yana shiga kimanin 32 a kowane murabba'i, wato 992, a ƙara kashi 10 cikin 100 na karyewa ya kama wajen 1,100. Magidancin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba a sayar masa da buhu ashirin inda goma ta isa.

Mataki na 7: Gwajin ƙasa da buga tubali

Ƙasar sama mai saiwoyi da taki ta gona ce, a kwashe ta gefe. Karal kuwa, baƙar lakar da ke kumbura da damina ta dare da rani, albarka ce ga muskuwari amma masifa ce ga magini, domin tana tsaga tubali tana kuma motsa harsashi. Gwaji biyu sun wadatar, kuma ɗalibai ne za su yi su su rubuta sakamakon. A na farko a zuba ƙasa sulusin farar kwalba, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye: yashi zai kwanta cikin minti guda, lallausar ƙasa ta biyo baya, yumɓu kuma sai ya kwana, sa'an nan a auna kaurin kowane da tef. Ƙasar da ta dace ita ce wadda yashi da tsakuwa suka fi rabi, yumɓu kuma bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. A na biyu a murza jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi kaurin santimita 3, a riƙa turo ta daga bakin tebur: idan ta karye kafin santimita 5 yashi ya yi yawa, idan ta wuce 15 yumɓu ya yi yawa sai an ƙara yashi.

Ɗanyen tubali shi ne mafi araha, kuma babu aibi a cikinsa idan an yi shi da kyau. A kwaɓa ƙasa da ramno, wato dakakkiyar ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana biyu, a buga a daɓen da aka share aka barbaɗa wa yashi. Iskar hunturu tana busar da bayan tubali tun cikinsa na ɗanye, abin da ke jawo tsagewa, don haka a rufe shi da ciyawa kwana uku na farko, a tayar da shi a gefensa, a bar shi mako biyu zuwa uku. Wanda aka sako daga tsayin ƙugu ya farfashe bai isa gini ba. Bangon ɗanyen tubali kada kaurinsa ya gaza santimita 30.

Matsattsen tubali, wanda hukumar MIPROMALO da gwamnati ta kafa a 1990 domin bunƙasa kayan gini na gida take yaɗawa, ana yin sa ne da tankaɗaɗɗiyar ƙasa mai ɗan danshi da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100. A kashi 6, buhu mai kilo 50 yana fitar da tubali 110 zuwa 120. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a yayyafa ruwa, a kuma matse abin da aka kwaɓa cikin awa guda. Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne shanya shi a rana kamar ɗanye, alhali siminti da danshi yake ƙarfi: a lulluɓe shi da leda ana yayyafa ruwa mako ɗaya zuwa biyu, a jira kwana 28 kafin gini. Inda kuɗi bai kai ba, a yi layukan ƙasa da matsattse, na sama da ɗanye. Masu haƙa su guji rarake gindin rami, domin gaɓar da aka ci ƙarƙashinta tana ruftawa ba tare da gargaɗi ba.

Mataki na 8: Harsashi, bango da rufi

Gidan ƙasa daga gindi yake mutuwa. A haƙa harsashi santimita 50 zuwa 60 har a taras da ƙasa mai tauri, a cika da dutse, wanda ba ya wuya a kewayen Mindif, a tayar da gindin bango da dutse ko bulon siminti aƙalla santimita 40 sama da ƙasa, kuma ko yaya ya haura alamar ruwan da aka rubuta a mataki na farko. A shimfiɗa leda mai kauri a kansa domin ta hana danshi hawa, a cika cikin ɗaki ya fi tsakar gida tudu, a yi dakali mai gangara a waje. Bango kada ya tashi fiye da mita ɗaya a yini, tubali ya riƙa hawa kan mahaɗar na ƙasa da shi, ƙofa da taga su nisanci kusurwa da kamar mita guda, a kuma zagaye saman ɗakin da linta wadda za ta ɗaure bangaye huɗu.

Azarar giginya ta yi tsada ta kuma yi wuya, shi ya sa yawanci kwano ake sawa. A binne waya ko siririn rodi a cikin linta a ɗaure katakon rufi da shi, domin jera duwatsu a kan kwano ba ya hana guguwar watan Mayu ɗauke shi, bakin kwano kuma ya zarce bango da santimita 50 ko 60. A shafa wa katako maganin gara, a yi silin ko da na zana ne saboda zafi. Inda ake son rufin ƙasa ba tare da itace ba, akwai fasahar baka da tulluwa da ƙungiyar Development Workshop ta koyar a Nijar tun shekarun 1980, da wadda aka yaɗa daga Boromo ta Burkina Faso tun 2000, amma waɗannan sai maginin da aka horar, gwada su da ka yana iya kashe mutane.

Shafen siminti a kan ɗanyen tubali ɓarnar kuɗi ce, duk da kyan da yake yi wa ido, domin yana ɓamɓarewa yana kuma tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a gani ba. Yaɓen ƙasa da ramno, ko da makuba ta ɓawon ɗorawa inda ake samunta, ya fi dacewa, a riƙa sabunta shi kafin damina. Ma'aunin ayyukan agaji na duniya ya tanadi murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, wato ɗakin da aka lissafa a sama na mutum uku ne, don haka a bar wurin ƙarin ɗaki tun a awon farko.

Mataki na 9: Salga da ramin da aka bari

Salga ta nisanci rijiya da mita 30 ta kuma kasance a gangaren da ke ƙasa da ita, a ɗaga bakinta yadda ruwa ba zai shiga ba, domin yankin bai manta da kwalarar 2010 ba. Ramin da aka ɗebi ƙasa yakan zama kududdufi mai cin yara da haifar sauro, a cike shi ko a kwantar da gaɓarsa a kewaye shi da ƙaya.

Mataki na 10: Damina da miƙa littafi

Sabon mai karatu yana mantuwa idan ya rasa abin karantawa, abin da masu Yaƙi da Jahilci na Arewacin Nijeriya suka fahimta a shekarun 1950 har suka riƙa buga ƙananan littattafai da jaridu a Zariya domin waɗanda suka gama aji. A nan littattafan ƙungiya da saƙonnin waya su ne abin karantawa. Da damina a mayar da zama sau ɗaya a mako, a ba kowane gida takardar duba mai layi biyar da zai cike bayan kowane babban ruwa: inda ruwa ya tsaya, tsagewar da ta bayyana da tsawonta, wurin da ke yoyo, alamar gara, da halin yaɓe. Magini ya bi waɗannan takardu gida-gida a Oktoba ya tsara gyara, kuma tsagewar da ta ƙaru tsakanin awo biyu ita ce za a fara bincika daga harsashi. A taron buɗe zango na biyu a zaɓi sabon magatakarda da mataimakiyarsa daga cikin waɗanda suka koyi rubutu a ajin, tsohon ya zauna kusa da su wata uku yana duba lissafi, sa'an nan a buɗe sabon shafi da sunayen gidajen da ƙuri'a ba ta kai gare su ba a ranin farko.